Kilishin da Muka Kai wa Gwamna

Shekarar da babbar 'yarmu za ta rubuta jarrabawar gama sakandare, a shekarar ce ciwon siyasa ya kama maigidana. Ban san ta ƙofar da ya shigo ba. Na dai lura wayarsa ta daina hutawa, kuma mutanen garinsu, waɗanda ko barka da Sallah ba sa yi mana, sun fara kiransa Honarabul. Injiniya ne, ya shekara goma sha huɗu yana aikin hanyoyi da gadoji a nan Manchester. Ni kuwa akanta ce a wani ƙaramin ofis kusa da Old Trafford. Muna zaune a Whalley Range da 'ya'yanmu mata uku, babu abin da ya dame mu sai sanyi.

Sun ce ya dawo gida ya tsaya takarar majalisa. Sai ga shi ya rubuta takardar ajiye aiki, ya sa ta a farar ambulan, ya jingina ta da gwangwanin ganyen shayi a saman firji. Duk safiya in zan haɗa wa yara karin kumallo sai na yi ido huɗu da ita. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi gaba ta kwana uku. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, in na faɗi ɗaya ya faɗi biyar, har da buga tebur. A ƙarshe ya ce ranar Litinin ta ƙarshen wata zai miƙa takardar.

A ofis akwai wata Ba'indiya da teburinta ke fuskantar nawa. Shekara shida muna zaune haka. A bas take zuwa, abincinta a 'yar roba, wake da ganye da gurasa, kullum. Wata rana ta ga idona ya yi ja, ta tambaye ni, ni kuma na rasa mai jin kukana sai na zazzage mata komai. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ce ai ita ma a gidan ɗan siyasa ta tashi.

Ta ce mahaifinta akanta ne kamar mu. Ya fi shekara ashirin yana duba littattafan 'yan kasuwar yadi a garinsu, har suka yarda da shi fiye da yadda suka yarda da junansu. Su ne suka tura shi takara. Ya yi majalisar jiha, ya yi ta ƙasa, ya faɗi zaɓe, ya sake ci, daga baya da tsufa ya zo aka naɗa shi gwamnan wata jiha mai nisa da tasu, wadda ko harshenta ba ya ji.

Na ajiye biro na dube ta. 'Yar gwamna, a bas? Na ce mata ta daina yi mini wasa da hankali. Kuma wane irin gwamna ne ake naɗawa a kai shi jihar da ba tasa ba?

Ta ce su a wurinsu ba a zaɓen gwamna, daga sama ake turo shi. Wanda jama'a suka zaɓa, mai riƙe da gwamnati, wani ne daban.

"To shi gwamnan aikin me yake yi?"

"Yana sa hannu. Yana karɓar baƙi. Yana miƙa wa ɗalibai takardun digiri."

Kaina ya ɗaure. Ni gwamnan da na sani, in ya yi atishawa sai an rufe titi. Amma abin da ta faɗa daga baya shi ne ya shiga kunnena ya zauna. Ta ce tsohon ya gama wa'adinsa, yana Birmingham a gidan yayanta, an yi masa aikin ido, zai yi wata biyu kafin ya koma. Kuma ta ce yanzu ko labarai ba ya so a kunna masa. Na ce a raina, Allah Ya kawo mini magani har gida. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na roƙe ta ta nema mana izinin zuwa gaisuwa, ta yi kamar za ta ƙi, sannan ta ce mu zo ranar Asabar, ita ma za ta je.

Da na gaya wa maigidan, ban taɓa ganin ya amince da shawarata da sauri haka ba.

"Governor? Tsohon governor na gaske? Hajiya, kina da irin wannan connection kika zauna a kai?"

Na ce, "Injiniya, da sharaɗi. In ya ce kada ka je fa?"

"In tsohon gwamna da bakinsa ya ce kar na je, a gabanki zan yaga takardar nan."

Na sa ya maimaita a gaban yara.

Yanzu ga inda na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ba a zuwa gaban babban mutum hannu rabbana, kowa ya san wannan. Maigidan ya ce me za mu kai, ni kuma ko tunani ban tsaya yi ba na ce kilishi. Akwai wata baiwar Allah a Longsight da ke yin sa, mai kyau kamar na gida, sai ka yi sati kana jira. Ni da ƙafata na je, na ce na gwamna ne, ta zaɓo nama mai kyau, ta rage yaji saboda tsoho ne. Na naɗe shi a takarda, na sa a jaka mai ƙyalli. Shekara shida ina kallon matar nan tana cin wake da ganye. Na san ba ta cin nama kamar yadda na san sunana. Amma da aka ce gwamna, sai duk sanin nan ya fita daga kaina, abin da ya rage shi ne yadda na ga iyayena suna yi in za a je gaida manya.

Ranar Asabar maigidan ya sha shadda, babbar riga har da aiki, ya karya hula, ya yi wanka da turare. Autarmu ta leƙo daga bene ta ce da Turancinta na 'yan Manchester, wai Daddy aure za shi? Muka kama hanya bayan karin kumallo. Duk tsawon tafiyar yana bitar abin da zai faɗa, yana tambayata ko za a bar mu mu shiga da mota ko sai mun ajiye ta a waje wurin masu gadi.

Babu masu gadi. Wani ɗan siririn layi ne, gidaje manne da juna, kwandunan shara a jere a bakin ƙofofi. Sau biyu muka wuce gidan saboda maigidan ya ƙi yarda da lambar. Da muka danna ƙararrawa, wani ɗan tsamurmurin tsoho ya buɗe, sanye da suwaita mai maɓalli da safa, an rufe masa ido ɗaya da auduga. Maigidan ya gaishe shi sama-sama, yana leƙen bayansa, yana jiran a yi mana iso. Sai ga abokiyar aikina ta fito daga kicin ta dafa kafaɗar tsohon ta ce ga babanta.

Kafin in ƙifta ido maigidan ya zube, ya dunƙule hannu ya ɗaga, yana ta ranka ya daɗe da Hausa, ya manta a inda yake. Tsohon kuma ya haɗa tafin hannuwansa yana ƙoƙarin sunkuyawa ƙasa da shi. Zauren ƙunci gare shi, ga babbar riga ta cika ko'ina, ga takalma a zube. Aka rasa wanda zai fara miƙewa.

A falo muka sami surukar tsohon, matar ɗansa, da ɗan nasa. Bayan an zauna maigidan ya miƙa jakar da hannu biyu. Tsohon ya tambaya da Turanci mene ne a ciki, shi kuwa gogan naka ya gyara zama ya fara bayani dalla-dalla. Ya ce naman saniya ne, na cinya, ana yanka shi siriri kamar takarda, a shanya, a tsoma a tunkuza, a gasa. Ya ce a ƙasarmu sai wanda ake girmamawa ake kai wa.

A kan kalmar saniya na farka, na tuna a addininsu saniya abar girmamawa ce, ba a cin ta. Na ga surukar ta kai hannu bakinta. Na ga abokiyar aikina ta rufe ido. Na so ƙasa ta tsage.

Tsohon ko gezau. Ya karɓi jakar da hannu biyu, ya ɗan ɗaga ta, ya yi murmushi har idonsa mai lafiya ya ƙanƙance. Ya ce, "Kun girmama ni. Ashe a ƙasarku ma an sa ni cikin manya." Ya ajiye ta a hankali a kan wani ɗan tebur kusa da ƙofa. Maigidan ya waiwayo ya dube ni, irin kallon nan na kin gani ko? Ni kuwa na rasa gane abin da na gani. Ko dai tsohon bai ji ba ne? Ko shi yana ci a ɓoye? Ko kuwa ni ce na rikice, ba dukansu ne ba sa ci ba?

Aka fara kawo abinci. Shayi mai madara da kayan ƙamshi, soyayyun abubuwa, alawa kala-kala, in ka cinye a ƙara, in ka ce ka ƙoshi a ƙara. Maigidan kuma ya bi ta hanyar da aka koya masa: ba a zuwa gaban babba a fara da buƙata. Ya tambayi ido, ya tambayi hanya, ya tambayi damina a Indiya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Tsohon shi ma gwani ne, yana amsawa yana mayar da tambaya. Sa'a guda da rabi suna wannan zagaye. Na ga in na biye musu sai a bakin ƙofa za a taɓo maganar, lokacin da ba a iya cewa komai sai Allah Ya kiyaye hanya.

Sai na yi rashin kunya. Na ce, "Baba, mijina yana so ya bar aikinsa jibi, ya bar mu a nan, ya koma gida ya shiga siyasa. Mun zo ne ka faɗa masa gaskiya."

Maigidan ya watsa mini harara. Tsohon ya ajiye kofinsa.

Ya fara da tambayoyi. Mutum nawa ne suke kiranka? A cikinsu wa za ka iya bar wa makullin gidanka? Maigidan ya yi ta inda-inda, ni kuma ina murna a ɓoye. Daga nan tsohon ya shiga ba da labari. Ya ce lokacin da yake akanta, duk yamma kafin ya rufe ofis ya san ko lissafi ya daidaita ko bai daidaita ba, sai ya tafi gida da sani. Tun ranar da ya shiga siyasa bai sake samun yamma irin wannan ba. Ya ce a gidan gwamna, mai ɗakuna da ko ƙirga su bai gama ba, yakan sa a kawo masa littafin cefanen kicin ya zauna yana tarawa, don kawai ya ga abu ɗaya da ya tsaya a inda aka ajiye shi. Masu aiki suka ɗauka zarginsu yake yi. Ya ce ranar da matarsa ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, yana wani gari yana yanke ƙyallen buɗe makaranta.

Na ce alhamdu lillahi a zuciyata. Na saci kallon maigidan, na ga ya sunkuyar da kai.

Sai tsohon ya ci gaba. Ya ce akwai wani ƙauye da mata ke tafiyar rabin yini neman ruwa. Ya shekara bakwai yana bin takarda ɗaya daga ofis zuwa ofis har aka ja musu famfo. Ya ce har yau duk shekara sai sun aiko masa da kwandon mangwaro, jikokin waɗanda suka san shi ne ma ke aikowa. Ya ce da ya zauna a ofishinsa yana tara lambobi, da matan nan suna nan suna tafiya. Maigidan ya ɗago, idonsa yana ƙyalli.

To wanne zan kama? Na zo neman magani an haɗa mini da ciwon a kofi ɗaya.

Maigidan ya yi ta maza ya tambaya kai tsaye, ya je ko kada ya je. Tsohon ya kamo hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Ƙasa tana buƙatar mutum irinka." Ya juyo gare ni da murmushin nan nasa ya ce, "Gida irin naku kuma ba a barinsa." Daga nan ya jingina da kujera, ya ce maganin ido yana sa shi barci.

Na bi abokiyar aikina kicin da kofuna. Jakar kilishin ba ta kan ɗan teburin, ban ga lokacin da aka ɗauke ta ba. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in bari. Ta ce tunda aka haifi mahaifinta nama bai taɓa kwana a gidan da yake ba, balle na saniya, kuma surukarsu tana jira mu tafi ne ta wanke teburin.

Na ce, "Amma ya yi murna. Da idona na gani."

Ta ce an taɓa ba shi takobi, an ba shi akuya da ranta, an ba shi hotonsa da aka yi da ƙwayar shinkafa, duk da wannan fuskar ya karɓa. Ta ce tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta same shi ta roƙe shi kada ya sake tsayawa takara. Ya riƙe hannayenta biyu, ya ce, kin yi magana mai kyau 'yata, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Da safe ta tashi ya tafi. Ta ce ba ta taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba, kuma in ta tuna da kyau ba ta taɓa jin ya ce i ba.

Raina ya ɓaci. Na ce to don me ta bari na kwaso mijina tun daga Manchester?

Ta ce, "Na ɗauka so kike ya ga abin da ke saura."

Ban gane ba, kuma ban tambaya ba. Na leƙa falo. Tsoho ne yana gyangyaɗi cikin suwaita, a gidan ɗansa, cikin rufin asiri. In wannan ne abin da ke saura, ni ban san ko abin tsoro ne ko abin sha'awa ba.

Muna shiga mota aka fara. Maigidan ya ce, "Kin ji da kunnenki, ƙasa tana buƙatata."

"Ni abin da na ji, gida irin namu ba a barinsa."

"Wannan ai courtesy ne, kara ya yi miki don kina wurin."

"Naka ne courtesy. Nawa shi ya zo a ƙarshe, kuma magana ta ƙarshe ita ce magana."

Haka muka yi ta yi, kowa yana jan tsohon zuwa ɓangarensa, har muka tsaya a wata tashar hutawa don yin La'asar. Maigidan ya buɗe but ɗin motar zai ɗauko darduma, sai ga jakar kilishi a zaune, an ƙara mata leda biyu an ɗaure tam. Ɗan tsohon ne ya sa ta lokacin da ya karɓi makullin motar ya ce zai duba mana ko mun yi fakin daidai.

Nan na gaya masa maganar naman duka, har da wankin tebur. Na yi zaton zai ji kunya, ko ya hau ni da faɗa tunda ni na kawo shawarar, kuma da ya yi hakan da na ji daɗi. Ya tsaya riƙe da jakar, motoci suna wucewa. Sai ya girgiza kai a hankali.

"Kin ga yadda ya karɓa kuwa? Ko ƙifta ido bai yi ba. Kai! Wannan shi ne ɗan siyasa."

Ba da takaici ya faɗa ba. Yadda yaro ke maganar gwanin ƙwallo, haka ya faɗa. Sauran tafiyar bai ƙara musu da ni ba, ni kuma na rasa dalilin da ya sa shirun ya fi faɗan tayar mini da hankali.

Ranar Lahadi bayan Azahar na tura yara sama, na zaunar da shi a kicin. Ban yi faɗa ba, ban kawo maganar tsohon ba. Na ce masa tsoro nake ji. Na ce ina tsoron hanyoyin da zai riƙa bi, ina tsoron mutanen da ke kiransa, ina tsoron ranar da babbar 'yarmu za ta fito daga ɗakin jarrabawa ta tarar da ni kaɗai a bakin ƙofa. Na ce shekara goma sha takwas ban taɓa roƙonsa wani abu irin wannan ba, ina roƙonsa kada ya tafi. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Na jira ya buga tebur. Na jira ya ce ba na son ci gabansa, kamar yadda ya saba, don in ya faɗi haka na san ta inda zan ɓullo masa. Bai yi ba. Ya matso da kujerarsa, ya kamo hannayena biyu ya riƙe, fuskarsa a sake, da wani murmushi da ban san shi da shi ba.

"Kin yi magana mai kyau, Hajiya. Wallahi duk abin da kika faɗa gaskiya ne."

Ban gaya masa abin da aka faɗa mini a kicin ɗin Birmingham game da hannu biyu ba. Babu wanda ya koya masa. Na zauna ina kallonsa, mijina ne, hular jiya ma tana nan rataye a bayan ƙofa, amma na kasa gane ko i ya ce mini ko a'a.

Ranar Litinin na sauko da safe zan haɗa wa yara shayi. Na miƙa hannu saman firji, gwangwanin yana nan shi kaɗai.